Unguwar da Vinko Ya Zaɓa

Duk wanda ya zauna a layinsu Zdenka ya san mijinta Vinko, kuma ya san babu abin da Vinko bai sani ba. Ya san ciwon saniya, ya san gyaran rediyo, ya san dalilin da ya sa gwamnati ba ta tafiya daidai. Teku kuwa, cewa yake kamar a bakinta aka yanke masa cibiya, wai don ya yi aikin soja a kudu yana saurayi. Zdenka ta san a wani bariki ya yi shi can bayan duwatsu, yana ferar dankali, amma ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba.

Ita damuwarta ɗaya ce a wannan bazarar, wato mahaifiyarta, Mama Reza. Tsohuwar ta yi duk rayuwarta a gonakin Slavoniya, ƙasar da ke shimfiɗe kamar tabarma, ba ta taɓa sa ƙafa a ruwan teku ba. Gwiwoyinta sun kumbura, daga ɗaki zuwa ƙofar gida ma sai ta huta a hanya. Likita ya ce ruwan gishiri zai yi mata amfani. Ita kuma ta ce za ta je sau ɗaya tak, daga nan ba mai sake ɗora ta a mota sai ranar da za a kai ta makwancinta. Zdenka ta yi mata alkawari za ta tsoma ƙafafun nan a teku. Saboda haka ɗaki ake so a ƙasa, babu hawa, kusa da ruwa. Ba wani abu mai wuya ba. 'Yarsu da ke aiki a birni har ta samo irinsa ta waya a garin Podgrina.

Vinko ya kira ya soke.

"Ka soke?" in ji Zdenka, hannunta a ƙirji.

"Na soke. Ɗaki ba a kama shi ta waya. Za ki sayi saniya ba ki buɗe bakinta ba?"

"Ai ta turo hoto. Ƙofar tana kallon ruwa."

"Hoto. Ni ma a hoton aurenmu ina da gashi. Ki bar min wannan, na san garin."

Haka aka cika 'yar motarsu da kankana, da tumatir, da kwalaben miyar tattasai, da kyafaffen nama, domin kowa ya san mutanen bakin teku suna sayar da tumatir kamar zinariya. Aka zaunar da Mama Reza a baya tsakanin kankana, sandarta a cinya. Zdenka ta koma gida ta duba murhu, ta fito, ta sake komawa ta duba, har Vinko ya danna mata hon.

Rana ta ɗaga sosai suka shiga Podgrina. A dandalin gari matan nan masu ba da hayar ɗaki suna tsaye a inuwa da kwalaye a hannu. Wata ƙatuwa mai baƙaƙen kaya da silifas, wadda ta ce sunanta Mande, ta leƙa motar, ta ga tsohuwa da sanda, ba ta ma yi tambaya ba.

"Ku biyo ni unguwar Bakin Ruwa. Nona ba za ta taka matakala ko ɗaya ba." Nona ita ce kaka a bakin mutanen garin.

Ɗakin yana ƙasa, da bishiyar ɓaure a ƙofa. Ka tsallaka hanya, ga tsakuwa, ga ruwa. Mama Reza ta leƙo ta tagar mota ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka take da yawa," ta ce.

Zdenka ta buɗe baki za ta ce sun kama, sai ta ga Vinko ya lashi ɗan yatsa ya ɗaga sama. Ta san wannan yatsan.

"Iskar nan ba ta da kyau," in ji shi. Ya ƙwanƙwasa bango ya kara kunne. "Akwai danshi. Ga sauro da yamma, ga hayaniya. Nan unguwar baƙi ce, waɗanda ba su san gari ba."

"Kai ɗan gari ne?" Mande ta tambaya.

"A nan na yi soja."

"Ba mu da bariki."

"A kusa."

"Kusa da me?"

"Kusa da nan."

Mande ta juya ta kalli Zdenka daga sama har ƙasa. "'Yar'uwa, Allah ya ba ki lada."

Ba su gama juya mota ba wasu Jamusawa masu jajayen wuya suka shige ɗakin da akwatunansu. Zdenka tana gani ta madubi aka rufe ƙofa.

"Kin gani?" in ji Vinko. "Baƙi. Yanzu zan kai ku inda ainihin mutane suke."

Inda ainihin mutane suke ita ce unguwar masunta. Maza suna zaune a inuwar kwale-kwalen da aka kife, suna ɗinkin taru, ƙarnin kifi ya cika ko'ina. Akwai ɗaki, amma a saman rumbun taru yake, da tsani na katako a miƙe. Vinko ya ce wannan ba komai ba ne, shi zai riƙa goya Mama.

"Ba mai goya ni," in ji Mama Reza daga cikin mota.

"To ruwan fa?" Zdenka ta tambaya. "Ta ina za ta shiga? Nan ai katanga ce, ba tsakuwa."

Gaskiya katanga ce, doguwa, da tsanin ƙarfe da ya sauka tsakanin jiragen ruwa. Vinko ya ce ko jariri zai sauka, ya naɗe ƙafar wando don ya nuna. Masunta suka ajiye allura. Ya sauka yana bayanin yadda ake riƙe tsani a soja, har ya kai inda gansakuka ta lulluɓe ƙarfen. Bayanin ya katse a tsakiyar kalma. Da ya sake bayyana, ciyawar ruwa ce a kafaɗarsa, takalmi ɗaya ya tafi.

Wani dattijo mai farin gashin baki, wanda ake kira Barba Duje, wato Kawu Duje, ya miƙa masa filafili ya ja shi.

"Maƙwabci, in kifi kake nema, da safe ake fita."

"Zurfin nake gwadawa."

"Ya ka same shi?"

"Ba laifi. Na ga wanda ya fi shi."

Ana cikin haka aka ji ƙara daga mota. Kyanwoyin unguwar sun ji ƙamshin kyafaffen nama, sun shige ta taga, Mama Reza tana ta kai musu duka da sanda, tana samun kankana. Kafin Zdenka ta ƙarasa, wata ƙatuwar mage mai ido ɗaya ta fice da rabin naman, tana jan sa a ƙasa kamar ta saya.

"Vinko, don Allah mu koma Bakin Ruwa mu roƙa," in ji Zdenka a hankali don kada masunta su ji. "Mama ba ta sha maganinta ba. Dubi fuskarta."

"Bakin Ruwa ta cika," in ji Barba Duje, wanda ya ji duk da haka. "Yau ranar Waliyyi Roko ce, ko kejin kaza an ba da haya. Sai dai Kan Dutse. Ƙanwata Luce tana da ɗaki a can."

Ya nuna sama. Gidajen dutse ne a manne da juna a jikin tsauni, coci a can ƙoli. Idon Vinko ya yi haske.

"Dama can nake nufi tun farko. Sauran duk don ku gani ne ku kwatanta. Dubi kusancinsa, Zdenka. Daga can in ka jefa dutse a teku zai faɗa."

Mutumin da aka haifa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, duk abin da idonsa ya gani kusa ne. Zdenka ma can aka haife ta, amma ita ce take shafa wa Mama man zafi kullum.

"Ya za ta sauko?"

"A mota. Safe da yamma, ni zan kai ta in dawo da ita, kamar matar minista."

"Mota ba ta shiga," in ji Barba Duje. "Ka bar ta a dandali. Jaki ma da kaya sai an sauke masa gefe ɗaya."

Vinko ya yi murmushin tausayi. "Barba, tun ban yi gemu ba nake tuƙa injin girbi. Na bi da shi ta kan gadar da keke ke tsoro."

"To, Allah ya kiyaye," in ji dattijon, ya koma ɗinkinsa. Zdenka ta lura sauran masuntan sun fara naɗe taru, suna sa takalma, kamar masu shirin zuwa kallo.

A bakin lungun Vinko ya fito ya ware hannuwa ya auna, ya je ya auna motar, ya ce har da saura. Ya naɗe madubai, ya shiga da ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a jiƙaƙƙiyar safa. Da fari lungun ya karɓe su. Suka wuce ƙofofi shuɗɗa da tukwanen furanni, wata tsohuwa ta janye kujerarta ciki tana gicciye ƙirji. Sai bangon ya fara matsowa. Zdenka ta ga tana iya karanta sunan da ke jikin ƙofar mutane ba tare da tabarau ba.

"Vinko."

"Na gani."

"Vinko, bango."

"Lungunan nan haka suke, su tsuke sannan su buɗe. A irin wannan wuri ba a rage gudu."

Ya taka mai. Motar ta yi wani kuka mai tsawo ta gefe biyu, ta girgiza, ta tsaya. Ya sa giyar baya, tayoyi suka juya a banza, hayaƙi ya tashi. Ya tura ƙofarsa, bango. Zdenka ta tura tata, bango.

"Mun iso?" in ji Mama Reza.

Tagogi suka fara buɗewa a sama. Wata siririyar mata da kwanon wake a hannu ta leƙo daidai kansu.

"Ku ne baƙin da Duje ya turo? Ni ce Luce. Kun kusa ƙofata, saura kaɗan. Da kun zo da ƙafa da kun sha kofi yanzu."

"Fakin na yi," Vinko ya amsa ta ɗan tsagin taga.

"Ka iya fakin. Ba ɓarawon da zai ɗauke ta."

Hanyar fita ɗaya ce, ta baya. Vinko ya rarrafa ta kan kujeru, ta kan surukarsa, ya tura murfin but da kai. Abin da bai tuna ba shi ne lungun gangare ne. Kankana suka fice ɗaya bayan ɗaya, suka kama hanyar dandali suna tsalle. Masuntan da ke haurowa suka manne da bango. Daga ƙasa aka ji ƙarar faranti da muryar wani yana ambaton iyayen mai kankana.

Shawara kuwa ta yi ta sauka daga tagogi. Wani mai singileti ya ce a sace iskar taya. Vinko ya ce dama abin da zai yi ke nan, ya sace ta baya, motar ta zauna ta ƙara cijewa. Wata ta ce a zuba mai. Luce ta zuro kwalbar man zaitun da igiya, Vinko ya tsiyaya a gefen mota, ya jingina kafaɗa ya ce maza su ja shi kuma zai ba da umarni. Aka ja, aka ja, bamba ta fita a hannun mutane.

Zdenka ta rarrafo ta baya, ta tsaya tana yi wa mahaifiyarta fifita da kwali ta cikin but. Motar ta yi zafi kamar tanda. Tana ta lissafin abin da za ta faɗa wa 'yan'uwanta in tsohuwar ta suma a lungun mutane, ga teku can ƙasa tana ƙyalli, ba ta ko taɓa ta ba.

Sai ƙararrawar coci ta kaɗa. Daga sama aka jiyo badujala tana saukowa.

"Wayyo," in ji Luce a hankali. "Roko."

Ta kwanar lungu gicciye ya fara ɓullowa, sai limamin cocin, Fada Jerko, cikin farar riga, sai ƙarti ɗauke da mutum-mutumin waliyyi a kan katako a kafaɗunsu, sai masu busa, sai mata da kyandirori, sai duk garin. Suka sauko har gaban motar suka tsaya. Badujala ta mutu kaɗan-kaɗan, mai babban ƙaho ne ya ji labari a ƙarshe.

Fada ya kalli motar, ya kalli Vinko mai naso da man zaitun.

"Ɗana, ta wace ce?"

"Tawa ce, Fada. Ƙaramar matsala ce. Ku ɗan koma baya ku zaga ta wata hanya."

Wani gunaguni ya tashi har ƙarshen layi.

"Babu wata hanya," in ji Fada. "Kuma Roko ba ya komawa baya. Tun da aka sassaƙa shi bai taɓa ba. An yi yaƙi ya sauka, an yi girgizar ƙasa ya sauka."

"To ya jira."

"Jirage suna jiran albarka kafin rana ta faɗi. Ka ga mutanen can da ke bayanka? Nasu ne jiragen."

Vinko ya waiwaya. Masuntan sun daina murmushi.

Babban mai ɗaukar waliyyi ya auna motar da ido. "Ta kanta za mu bi, Fada."

"Ta kan wa?" in ji Vinko. "Kun san irin fentin nan?"

Ba wanda ya kula shi. Mutumin har ya ɗora ƙafa a kan gaban mota. A nan ne Zdenka, wadda ko a kasuwa ba ta iya ɗaga murya, ta ji muryarta ta fita da kanta.

"Ba mai taka motar nan uwata tana ciki."

Kowa ya leƙa. Mama Reza ta ɗaga musu sanda ta bayan gilashi.

Nan da nan aka kwantar da kujerar baya, masunta suka zaro tsohuwar ta but a hankali kamar ƙwai. Luce ta zuro kujerar kicin ɗinta da igiyar nan, aka zaunar da ita, aka ba ta ruwa ta haɗiye maganinta. Sannan gicciye ya haye, Fada ya tattare riga ya haye, aka miƙa waliyyi hannu da hannu ta kan rufi yana tangaɗi, mata suna salati irin nasu. Rufin ya lotsa da ƙara. Vinko yana gefe yana ba da umarni.

"Ku taka gefe-gefe, nan ne ƙarfinta. Kai mai ganga, a hankali. Haka, haka. Da ba na nan da kun fasa gilashi."

Mai ganga ya fasa gilashi.

Yanzu sai ga wata matsalar. Kujerar Mama Reza ta cika lungun daga ƙasa, ba ta inda za a wuce ta, ba kuma ƙofar da za ta shiga da ita. Barba Duje ya kalli abokansa, suka tofa yawu a tafin hannu, kowa ya kama ƙafar kujera ɗaya, suka ɗaga ta kafaɗa.

"Riƙe da kyau, Nona."

Haka Mama Reza ta sauka Podgrina a gaban waliyyi, badujala na busa a bayanta, Zdenka na gefe riƙe da gefen siket ɗinta tana cewa a bi sannu. Mutanen da ke jere a hanya suna watsa furanni suka yi ta tambayar juna wace ce wannan. Wasu dai don kada su yi kuskure suka watsa mata ita ma. Tsohuwar ta gyara ɗankwali, ta miƙe wuya, tana gyaɗa kai dama da hagu kamar dama haka aka saba.

A bakin ruwa masu ɗaukar waliyyi ba su tsaya ba, suka shiga har gwiwa kamar kowace shekara, jirage suna ta busa. Masuntan ma suka bi su, suka dasa kujerar a cikin ruwa inda bai da zurfi. Zdenka ta shiga da takalminta, ta durƙusa ta cire wa mahaifiyarta safa. Ruwa ya zo ya rufe kumburarrun gwiwoyin, ya koma, ya sake zuwa.

Mama Reza ta sunkuya ta kalli ƙafafunta a cikin ruwan.

"Da sanyi," ta ce can.

"A fitar da ke?"

"Kada wanda ya taɓa ni." Ta ɗaga sanda ta nuna gidan da ya fi kusa, mai koriyar ƙofa, wanda ruwa ya kusa lasar dakalinsa. "Je ki buga can. Ke za ki je, ba mijinki ba."

Gidan mai ganga ne. Matarsa ta ce su ba sa ba da haya, ba su taɓa ba. Sai ta leƙa ta ga wadda ke zaune a ruwa da furanni a cinya.

"Ita ce ta zo a gaban Roko? To ai ba a mayar da irinta. Ɗanmu yana jirgi sai hunturu, ɗakinsa yana ƙasa. Ku shigo da kayanku."

Kayan suna Kan Dutse. Da rana ta yi sanyi Zdenka ta haura da burodi da soyayyen kifi a kwano. Ta sami Vinko zaune a lotsattsen rufin mota, maƙwabta a tagogi, yana yi musu bayanin kuskuren da aka yi wajen gina lungun. Magini ya zo ya duba, ya ce sai an cire dutse daga bango, bangon kuma tsoho ne, sai hukuma ta yarda, hukuma kuma tana hutu. Luce ta ba shi katifa a rumbunta don ya yi gadin abinsa.

"Ta shiga ruwan?" ya tambaya, baki cike da kifi.

"Ta shiga. Ta ƙi fitowa."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aiki ya yi kyau a hannunsa. "Da badujala, da Fada, da gari duka. Wace suruka aka taɓa yi wa haka a layinmu? Ki gaya mata ba sai ta yi min godiya ba."

"Zan gaya mata."

"Maƙwabci," in ji Luce daga ƙasa, "ɗage ƙafarka, akuyata za ta wuce gida."

Vinko ya ɗage ƙafa. Akuyar ta hau but, ta bi ta rufi, ta tsaya ta shinshina burodinsa, ta sauka ta gaba.

Zdenka ta ɗauki jakar Mama ta kama gangara. A wata kwana inda gidaje suka rabu ta hango bakin ruwa, da 'yar kujera a ciki, da wani ɗan ɗigo mai ɗankwali zaune a kai bai motsa ba. Ta tsaya tana kallo, ta sauke numfashi. Sai ta tuna iska ta fara kaɗawa kuma tsohuwar ba ta da mayafi a kafaɗa, ta ƙara sauri.